Taskba a Windows 10 da Windows 11: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawa a bakin masu aiki da kwamfuta game da taskba, sandar nan da ke kwance a ƙasan fuskar Windows. An bar sunayen saituna yadda suke fitowa a kwamfutar da aka saita da Turanci, tunda ita ce a hannun yawancin mutane. Inda aka ce Win, ana nufin maɓallin kibod mai tambarin Windows da ke kusa da Alt na hagu. Danna dama kuwa shi ne danna maɓallin dama na maus, ko taɓa wurin maus na laftof da yatsu biyu.

Mene ne taskba, kuma me ke cikinta?

Ita ce wurin da Windows ke tara abubuwan da ake yawan kai hannu gare su. Akwai maɓallin Start da akwatin bincike, sai alamomin manhajojin da aka maƙala da waɗanda suke buɗe. A can ƙarshen dama akwai ƙananan alamomi na intanet, sauti da batir, sai agogo da sanarwa. A ƙurewar kusurwa kuma akwai wani siririn wuri da ba kowa ke lura da shi ba, wanda in ka danna shi duk tagogi za su sauka ka ga desktof.

Taskba ta fara fitowa ne a Windows 95 a shekarar 1995, maƙala manhaja kuma ya zo da Windows 7 a 2009. Abin da ya fi muhimmanci ka riƙe shi ne, ba manhaja ce mai zaman kanta ba. Wani shiri mai suna explorer.exe ne ke nuna ta, shi ne kuma ke nuna desktof da tagogin folda. Shi ya sa mafi yawan matsalolinta ke warwarewa da sake tayar da wannan shirin, kamar yadda aka yi bayani a tambayar da ta shafi daskarewar taskba.

Ta yaya zan san wace Windows nake da ita?

Danna Win da R tare, rubuta winver, ka danna Enter. Ƙaramar taga za ta nuna ko Windows 10 ce ko 11, da lambar siga kamar 22H2, 23H2 ko 24H2. Lambar tana da amfani, domin Windows 11 ta fito a watan Oktoban 2021 da taskba da aka rage mata abubuwa da yawa, daga baya aka riƙa dawo da su kaɗan-kaɗan. In ka nemi wani zaɓi da aka ambata a nan ba ka same shi ba, fara duba ko sigarka ta tsufa. Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka taskbarta ta tsaya a yadda take.

Yaya ake maƙala manhaja, yaya kuma ake cire ta?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe manhajar, ka danna dama a kan alamarta da ta bayyana a taskba, ka zaɓi Pin to taskbar. In ba ka son buɗe ta, neme ta a Start, ka danna dama a kan sunanta. Wani lokaci zaɓin yana ƙarƙashin More. Cirewa kuwa Unpin from taskbar ne, kuma ba ya goge manhajar daga kwamfuta. Za ka iya jan alama hagu ko dama da maus ka jera su yadda kake so, jerin nan kuma yana da amfani in ka zo ga gajerun hanyoyin kibod.

Ta yaya zan bambanta manhajar da ke buɗe da wadda aka maƙala kawai?

Dubi ƙasan alamar. In babu layi, an maƙala ta ne kawai ba ta aiki. A Windows 11 ɗan gajeren layi yana nufin tana buɗe, layi mai ɗan tsawo mai launi kuma shi ne na tagar da kake ciki yanzu. In alama tana walƙiya, da ruwan lemo a Windows 10 ko ja-ja a Windows 11, manhajar tana jiran ka amsa mata wani abu.

Zan iya maƙala folda, fayil ko shafin intanet?

Folda ba ta maƙaluwa kai tsaye, sai da dabara. Danna dama a fili a desktof, ka zaɓi New sannan Shortcut. A wurin adireshi rubuta explorer.exe, ka bar tazara ɗaya, ka rubuta adireshin foldar a cikin alamar zance, misali explorer.exe "D:\Ayyuka". Ba ta suna, ka gama. Yanzu danna dama a kan wannan gajeriyar hanya za ka ga Pin to taskbar; a Windows 11 sai ka fara danna Show more options. Kafin ka maƙala, yana da kyau ka shiga Properties ka canza mata alama ta Change Icon, in ba haka ba za ka riƙa rikita ta da File Explorer.

Fayil ɗaya, kamar takardar Word da kake buɗewa kullum, ya fi dacewa a maƙala shi a jerin da ke fitowa in an danna dama, wanda tambaya ta gaba ta yi magana a kai. Shafin intanet kuwa, a Edge ka buɗe shafin, ka danna ɗigo uku na sama, More tools, sai Pin to taskbar.

Mene ne jerin da ke fitowa in na danna dama a kan alama?

Sunansa Jump List. Yana nuna fayilolin da ka buɗe kwanan nan da wannan manhaja, da wasu ayyukan gaggawa: a burauza akwai buɗe sabuwar taga ko tagar sirri, a File Explorer akwai foldojin da ka fi shiga. In ka kai maus kan wani fayil a jerin za ka ga ɗan hoton fil a gefensa. Danna shi sai fayil ɗin ya koma sama ya zauna, ko da ka yi wata ba ka buɗe shi ba. Ga mai aikin ofis da ke komawa ga takardu uku ko huɗu kullum, wannan ya fi neman su folda-folda sauri nesa ba kusa ba.

Sai dai jerin yana tona asiri. A kwamfutar shagon buga takardu ko ta ofis da mutane da yawa ke amfani da ita, duk wanda ya zauna zai ga sunayen takardun da aka buɗe kafin shi. Don share su, shiga Settings, Personalization, Start, ka kashe zaɓin da ke maganar nuna abubuwan da aka buɗe kwanan nan a Jump Lists. Kashewa na share jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan. In ka sake kunnawa zai fara tarawa daga farko. In fayil ɗaya ne kawai kake son cirewa, danna dama a kansa ka zaɓi Remove from this list.

Waɗanne gajerun hanyoyin kibod ne suka shafi taskba?

Wadda ta fi kowace amfani ita ce Win da lamba. Win da 1 na buɗe manhajar farko a jerin waɗanda ka maƙala, Win da 2 ta biyu, har zuwa Win da 0 da ke buɗe ta goma. Ba a ƙirga Start da akwatin bincike da Task View, maɓallin da ke nuna duk tagogin da ke buɗe. In manhajar tana buɗe, dannawar za ta kawo ta gaba. Ƙara Shift ka samu sabuwar taga ta wannan manhaja, ƙara Alt ka samu Jump List ɗinta. Saboda haka ka sa manhajojin da ka fi amfani da su a wuri na 1 zuwa na 4, inda hannun hagu ke kai wa ba tare da miƙewa ba.

Da maus ma akwai irinsu. Riƙe Shift ka danna alama, ko ka danna ta da tayar tsakiyar maus, sabuwar taga za ta buɗe. Riƙe Ctrl da Shift tare ka danna, manhajar za ta buɗe da ikon mai gudanarwa, wato administrator, mai damar canza saitunan kwamfuta. In manhaja tana da tagogi da yawa a dunƙule, riƙe Ctrl kana dannawa sai ta riƙa bi da kai ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da maus ya ƙi aiki, Win da T na kai ka kan alamomin taskba ka bi su da kibiyoyi, Win da B na kai ka ƙananan alamomin dama. Win da D na nuna desktof, sake dannawa na dawo da tagogin. Win da X na buɗe jerin da ke da Device Manager (wurin kula da sassan kwamfuta), Task Manager (wurin ganin manhajojin da ke aiki) da kashe kwamfuta.

Me ya sa tagogina ke dunƙulewa a alama ɗaya?

Haka aka saita ta tun asali don a rage cunkoso. In ka tsayar da maus a kan alamar za ka ga ƙananan hotunan tagogin, ka zaɓi wadda kake so. Amma mai aiki da takardun Excel biyar masu kama da juna ba ya gane komai daga ƙananan hotuna, suna yake buƙata. Danna dama a fili a taskba, ka shiga Taskbar settings. A Windows 10 nemi Combine taskbar buttons. A Windows 11 yana ƙarƙashin Taskbar behaviors da sunan Combine taskbar buttons and hide labels. Zaɓi uku ne: kullum a dunƙule, a dunƙule in wuri ya cika, ko kada a dunƙule sam. Na tsakiyar ya fi dacewa da laftof. Wannan zaɓi bai dawo Windows 11 ba sai a ƙarshen 2023, don haka tsofaffin sigogi ba su da shi.

Zan iya mayar da Start hagu, ko in kai taskba sama?

Mayar da alamomi hagu a Windows 11 abu ne mai sauƙi: Taskbar settings, Taskbar behaviors, Taskbar alignment, ka zaɓi Left. Amfaninsa ba sabo kaɗai ba ne. In alamomi suna tsakiya, duk lokacin da ka buɗe sabuwar manhaja sai su ɗan gusa, hannu ba ya samun wurin da zai saba da shi.

Kai sandar kanta sama ko gefe kuwa, a Windows 10 akwai Taskbar location on screen mai zaɓi huɗu. Ko kuma ka danna dama, ka cire alamar da ke kan Lock the taskbar, ka ja sandar da maus. Wannan ne ma dalilin da ya sa wasu ke wayar gari su ga taskba a tsaye a gefe: ba a kulle take ba, wani ya ja ta bisa kuskure. Mayar da ita, ka kulle. Windows 11 ta fito ba tare da wannan zaɓi ba, kuma dabarar gyaran rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, da aka yi ta yaɗawa a farko ta daina aiki yadda ya kamata tun daga 22H2. Duba tambaya ta ƙarshe a kan manhajojin waje.

Yaya ake rage girmanta ko ƙara shi?

A Windows 10 kunna Use small taskbar buttons, sandar za ta sirance, amma kwanan wata zai ɓace daga agogo, ƙananan lambobin da ke nuna yawan saƙonni a kan alamomi su ma su ɓace. In kuma ta yi kauri ninki biyu ko uku, an ja bakinta na sama ne lokacin da ba a kulle take ba. Ja shi ƙasa. A Windows 11 hanyar da ke canza tsayin sandar ita ce Scale a Settings, System, Display, amma wannan na canza girman rubutu da komai na fuskar, ba taskba kaɗai ba.

Taskba ta ɓace, ko kuma ta ƙi ɓoyewa. Me zan duba?

In ta ɓace, fara kai maus can ƙasan fuska. In ta leƙo, an kunna Automatically hide the taskbar ne, sai ka kashe shi a Taskbar settings. In a cikin burauza ne kawai ba ka ganinta, F11 aka danna, sake danna shi. In kwanan nan aka haɗa kwamfutar da majigi ko talabijin, danna Win da P ka zaɓi PC screen only, domin mai yiwuwa sandar na can a fuskar da aka riga aka cire. A Windows 10 kuma duba ko Tablet mode na kunne, domin yakan ɓoye alamomin manhajoji. In desktof ma babu alamomi, fuska wayam, to explorer.exe ne ya faɗi.

Ƙin ɓoyewa kuwa kusan kullum wata manhaja ce ke neman hankalinka. Nemi alamar da ke walƙiya ka danna ta, ka buɗe ɓoyayyun alamomin dama ka duba, ka share sanarwar da ta taru. In duk da haka tana nan, ko tana rufe ƙasan bidiyo a cikakkiyar fuska, sake tayar da Explorer.

Saitunan taskba sun yi toka-toka, ba sa dannuwa. Me ya faru?

Dubi saman shafin. In akwai rubutu da ke cewa sai an kunna lasisin Windows kafin a iya canza kamannin kwamfuta, to Windows ɗin ba ta da lasisi mai aiki, kuma saitunan taskba na cikin abin da ake kullewa. Wannan ya zama ruwan dare a laftof na hannu da aka sake ɗora wa Windows a kasuwa. Shiga Activation a Settings ka ga halin da ake ciki. Sau da yawa kwamfutar tana da lasisin Windows nau'in Home a jikinta amma aka ɗora mata nau'in Pro, shi ya sa ta ƙi karɓa. In kuma rubutun na cewa wata ƙungiya ce ke kula da wasu saituna, kwamfutar ma'aikata ce aka kulle da gangan, sai mai kula da kwamfutocin wurin.

Akwai wani toka-tokan da ba matsala ba ne. Zaɓin sa wa Start da taskba launi, a Personalization, Colors, ba ya dannuwa sai yanayin Windows yana kan Dark.

Yaya zan cire akwatin bincike, hasashen yanayi da labarai? Suna cin data?

A Windows 11, a saman Taskbar settings akwai Taskbar items, inda za ka kashe Task view da Widgets, ka mayar da bincike ƙaramar alama ko ka ɓoye shi. Ɓoye akwatin ba ya hana bincike: danna Win ka fara rubutu kawai. A Windows 10 danna dama a fili a taskba, za ka ga Search da News and interests, kowanne da zaɓin kashewa. In kana son ganin zafin gari amma ba ka son allon labarai ya riƙa buɗewa da zarar maus ya gifta, cire alamar da ke kan Open on hover.

Suna cin data, domin labarai da hotunan daga intanet ake sauko da su. Amma ga wanda ke haɗa laftof da wayarsa, babban mai cinye data shi ne sabunta Windows da OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet. Danna alamar Wi-Fi, ka shiga bayanan layin da kake kai, ka kunna Metered connection. Wannan na sa Windows ta dakatar da yawancin abin da take saukewa a ɓoye.

Ina ƙananan alamomin da ke ɓuya bayan ƴar kibiya, kuma me suke yi?

Manhajoji ne da ke aiki a bayan fage: riga-kafin kwamfuta, OneDrive, Bluetooth da makamantansu. In kana son wata ta fito fili, danna kibiyar ka ja alamar da maus zuwa kusa da agogo; jan ta baya kuma na ɓoye ta. Ta saituna, a Windows 11 Other system tray icons ne, a Windows 10 kuma Select which icons appear on the taskbar.

Ɓoye alama ba ya tsayar da manhajar. Wasu manhajojin ma in ka danna X ba sa rufewa, nan suke komawa su laɓe. Sai ka danna dama a kan ƙaramar alamar ka zaɓi Exit ko Quit. In ka ga alamomi sun haura goma kuma kwamfuta na jan ƙafa wajen tashi, buɗe Task Manager, sashen Startup, ka kashe waɗanda ba ka buƙata tun da safe. Kada ka kashe na riga-kafi. Alamar makirufo in ta bayyana, wata manhaja na sauraro. Tsayar da maus a kanta za ta faɗi wace ce.

Alamar batir, sauti ko Wi-Fi ta ɓace. Yaya zan dawo da ita?

A Windows 10 duba Turn system icons on or off a Taskbar settings, ka kunna Power, Volume ko Network. A Windows 11 an haɗa ukun a maɓalli ɗaya da Win da A ke buɗewa, babu wurin kashe su ɗaya-ɗaya, don haka ɓacewar ɗaya alama ce ta matsalar direba, wato shirin da ke haɗa Windows da wannan na'ura. Na batir: Win da X, Device Manager, Batteries, danna dama a kan Microsoft ACPI-Compliant Control Method Battery, ka kashe shi ka sake kunnawa.

Alamar duniya a madadin ta Wi-Fi na nufin babu intanet, ko da an haɗu da waya. Sau da yawa data ce ta ƙare. In maɓallin Wi-Fi ɗin ne babu shi sam, duba Network adapters a Device Manager, ka kuma tabbata yanayin jirgin sama ba a kunne yake ba. Network reset shi ne mataki na ƙarshe, domin yana goge kalmomin sirrin Wi-Fi da aka adana, kwamfutar kuma za ta sake tashi bayan minti 5.

Agogo ba daidai yake ba, ko ina son ƙarin agogo

In mintuna daidai suke amma awa ta kauce, yankin lokaci ne. Kwamfutoci da yawa na zuwa da lokacin yammacin Amurka. Danna dama a kan agogo, Adjust date and time, ka zaɓi West Central Africa, wato UTC+01:00, in kana Najeriya, Nijar, Kamaru ko Chadi. Ghana tana kan UTC daidai. Sannan kunna Set time automatically ka danna Sync now. In kuwa duk lokacin da wuta ta ɗauke ko aka cire batir agogo na komawa wata tsohuwar shekara, ƙaramin batirin cikin kwamfuta ne ya mutu. A kwamfutar tebur CR2032 ne mai volt 3, kuma canza shi ba wuya. Kada a raina wannan matsala, domin agogon da ya kauce sosai na sa burauza ta ƙi buɗe shafukan banki da na imel.

Ƙarin agogo: Win da R, rubuta timedate.cpl, ka shiga Additional Clocks. Biyu ake iya ƙarawa, kowanne da sunan da ka ba shi. Mai ɗan'uwa a Makka zai zaɓi Kuwait, Riyadh, wanda ke gaban Kano da Damagaram da awa 2. Za su fito in ka tsayar da maus a kan agogo. Nuna daƙiƙoƙi ya zo Windows 11 a 2023, yana ƙarƙashin Taskbar behaviors, a sababbin sigogi kuma an mayar da shi Date & time; yana ɗan ƙara cin batir.

Mene ne ENG da ke kusa da agogo, kuma zan iya samun ƙ, ɗ da ɓ?

Yana nuna tsarin kibod da kake kai, kuma ba ya fitowa sai akwai tsari fiye da ɗaya. Win da Space na sauya su, Alt na hagu da Shift ma haka, wanda shi ne ake yawan dannawa ba da niyya ba. In @ da alamar zance sun yi musayar wuri, ka koma tsakanin tsarin Amurka da na Ingila ne. In A na fitowa a wurin Q, ka faɗa tsarin Faransanci, wanda aka fi sani a Nijar.

Windows na da kibod na Hausa. Shiga Settings, Time & language, sashen harshe, Add a language, ka rubuta Hausa. Ba dole ne ka mayar da harshen kwamfutar gaba ɗaya ba. Bayan ka sauya zuwa gare shi, danna Win, Ctrl da O tare don kibod ya fito a fuska, ka ga inda haruffa masu lanƙwasa suke, har da waɗanda sai an riƙe Alt na dama.

Dole ne in danna alamar cire filash kafin in zare shi?

Tun daga siga ta 1809 ta Windows 10, an saita filash a kan Quick removal, wato ana rubuta komai nan take ba a ajiye saura. Don haka in babu abin da ake kwafa kuma babu fayil a buɗe, zarewa ba ta cika yin ɓarna ba. Duk da haka, ga babban faifan waje mai ɗauke da aikin shekaru, danna alamar ka jira saƙon izini. In ta ce ana amfani da na'urar, rufe takardu da tagogin folda da ke cikinta. In ta nace, kashe kwamfutar sannan ka zare.

Manhaja ta daskare, zan iya kashe ta daga taskba?

Close window roƙo ne kawai, manhajar da ta daskare ba ta jin sa. Windows 11 daga 23H2 tana da End task a jerin danna dama, amma sai an kunna shi a Settings, System, For developers, ko Advanced a sababbin sigogi. Yana kashe manhaja nan take ba tare da tambayar ko za ka adana ba, don haka ka ɗan ba Word ko Excel minti ɗaya ko biyu tukuna, sukan farfaɗo. A Windows 10 sai ta Task Manager: Ctrl, Shift da Esc.

Taskba kanta ta daskare, Start ba ya buɗewa. Mene ne mafita?

Danna Ctrl, Shift da Esc. A Windows 10 in tagar ƙarama ce danna More details. A cikin Processes nemi Windows Explorer, danna dama, Restart. Sandar za ta ɓace na daƙiƙoƙi kaɗan ta dawo. Takardunka na Word da shafukan burauza ba za su rufe ba, amma tagogin folda za su rufe, kuma in ana cikin kwafar fayiloli aikin zai katse, don haka jira ya gama. In babu Windows Explorer a jerin, zaɓi Run new task, rubuta explorer.exe, Enter.

In matsalar na dawowa, bi wannan tsari. Zaɓi Restart maimakon Shut down, domin Shut down na adana wani sashe na tsarin saboda saurin tashi, matsalar ta dawo tare da shi. Sannan buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka gudanar da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar intanet, bayansa sfc /scannow. In abin ya fara ne bayan wani sabuntawa, cire shi ta Update history, Uninstall updates. Gwaji na ƙarshe shi ne ka ƙirƙiri sabon asusun mai amfani: in taskba na lafiya a can, asusunka ne ya lalace, babu buƙatar sake ɗora Windows, sai dai kwashe fayiloli zuwa sabon.

Wasu alamomi sun koma farar takarda. Me ya jawo?

Ko dai an cire manhajar ko an matsar da foldarta, ko kuma ma'ajiyar hotunan alamomi ta rikice. Cire alamar, ka buɗe manhajar daga Start, ka sake maƙala ta. In da yawa ne, Win da R, rubuta ie4uinit.exe -show, sannan ka sake tayar da Explorer kamar yadda aka nuna a sama. Gajerun hanyoyin yawancin manhajojin da ka maƙala na zaune a %AppData%\Microsoft\Internet Explorer\Quick Launch\User Pinned\TaskBar, inda za ka iya goge wadda ta ƙi ciruwa.

Yaya taskba ke aiki da fuska biyu ko desktof da yawa?

In ka zaɓi Extend a Win da P, kowace fuska za ta iya samun sandarta ta hanyar Show my taskbar on all displays. Za ka kuma zaɓi ko alamar taga ta fito a duk sanduna ko a fuskar da tagar take kawai. Mai gabatar da darasi da majigi gara ya kashe wannan zaɓi, kada jama'a su riƙa ganin abin da ya buɗe. Ƙananan alamomin dama na bin babbar fuska, wadda ake zaɓa a Display da Make this my main display.

Task View, wato Win da Tab, na ba ka desktof da yawa a fuska ɗaya. Win, Ctrl da D na ƙirƙirar sabo, Win, Ctrl da kibiya na kai ka na gaba. Wanda ya danna wannan bisa kuskure yakan zaci duk tagoginsa sun rufe, alhali suna can a desktof na farko. A System, Multitasking za ka iya sa taskba ta nuna tagogin duk desktof ɗin.

Manhajojin da ke dawo da tsohuwar taskba a Windows 11 suna da haɗari?

Sanannu a cikinsu akwai StartAllBack, Start11 da ExplorerPatcher, kuma suna dawo da abubuwa irin su kai sanda sama ko gefe. Matsalar ita ce da yawansu na shiga cikin explorer.exe ne su canza aikinsa, Microsoft kuma na taɓa wannan shiri a sabuntawa. In sigogin suka saɓa, sai a tashi da baƙar fuska ko sanda mai ƙiftawa ba tsayawa. A kwamfutar ofis ko wadda ake cin abinci da ita, shawara ita ce a haƙura da saitunan da Windows ta bayar.

In ka ga lallai sai ka sa, sauko da ita daga shafin masu ita, ba daga wuraren da ke raba manhajojin da aka fasa ba. Ƙirƙiri Restore point, wato ajiyar yanayin Windows da za ka iya komawa gare shi, kafin ka girka, ka sabunta ta kafin kowane babban sabuntawar Windows. In fuska ta yi baƙi, Ctrl, Shift da Esc na buɗe Task Manager ko da babu taskba. Daga Run new task rubuta appwiz.cpl, ka cire manhajar, ka sake tayar da kwamfuta.